Dorina, Babbar Likitar Kunne

Ƙasashen da kuɗi ya yi wa yawa sukan ɓata watanni kafin su gano abin da ke damun yaron da ba ya gane karatu. Mu kuwa, alhamdu lillahi, malamin aji uku yakan gano cutar tun kafin a tashi tara, ya faɗi sunanta da babbar murya a gaban yara fiye da 100, ya ba da magani nan take. Cutar daƙiƙanci ce, in kuma yaron na da ɗan wayo, kunnen ƙashi. Maganin ga shi can rataye a ƙusa gefen allo. Ya kamata a ce tuni mun yi wa dorina naɗin sarauta.

Dubi irin wahalar da ta raba mu da ita. Tun a 1954 wani masani a Amurka, Helmer Myklebust, ya tada maganar cewa akwai yaran da kunnensu lafiya lau, ko allura ta faɗi sun ji, amma ƙwaƙwalwarsu ba ta iya tsince magana daga cikin hayaniya. Sautin yana shiga, sai dai kalmomin kan iso a cakuɗe, ko a makare, kafin yaro ya warware jimlar farko malam ya kai ta uku. Daga nan Turawa ba su sake hutawa ba. Sai a jira yaro ya kai kamar shekara 7, a shigar da shi ɗakin da ƙara ba ta ratsawa, a ɗora masa abin ji a kai, a zuba wata kalma a kunnen dama wata daban a na hagu lokaci guda, a ce ya maimaita. In an tabbatar, sai kuma a takura wa malami: ya zaunar da yaron a gaba, ya fuskance shi in zai yi magana, ya gutsuttsura umarni, ya rubuta shi a allo, har a maƙala masa ɗan makirfo a wuyan riga da ke kai muryarsa kunnen yaron kai tsaye. Dorina ba ta cin batir, ba ta jiran a kawo wuta. Kakanninmu sun gama binciken tun tuni: jiki ya fi kunne ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ke cikin aji lokacin darasi kada ta wuce desibel 35. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malamin firamare ɗaya, ɗalibai 35. Mu ba mu san rowa ba, duka biyun mun ninka su. Shiga ajin ka gani. Rufin kwano ne ba silin, in hadari ya sauko sai dai a bi leɓen malam da ido. Tagar ba marfi, bayanta injin markaɗe, gabanta masu adaidaita sahu suna gasar oda. Ajin da ke maƙwabtaka yana rera sau biyu da iyakar ƙarfinsa. Malam ya juya wa yara ƙeya, yana rubutu yana yi wa allo bayani. A fili, duk nisan da aka ninka murya kan ragu da kusan desibel 6, saboda haka hikima ta sa aka tanadar wa marasa ƙoƙari layin baya, inda abin da ke isowa bai isa ya dame su ba.

A can yaronmu yake zaune, kan tabarmar buhu. Malam ya ce, "Ku buɗe shafi na sha biyar, ku yi lamba ɗaya zuwa shida, wanda ya gama ya kawo." Shi sha biyu ya ji, sauran kuma injin markaɗe ya niƙe. Hanya uku gare shi, kuma kowacce dorina na tsaye a ƙarshenta. In ya ce, "Na'am, Malam?" raini ne. In ya leƙa littafin na kusa da shi, satar amsa ce, monita ma ya rubuta sunansa. In ya yi shiru ya cika shafi na sha biyu da kyakkyawan rubutu, to ga hujjar daƙiƙanci da hannunsa. Ranar shiftar Turanci kuwa, da za a ce ya bambance fiftin da fifti daga bakin da ke fuskantar allo, ba a cewa komai. Daga ƙarshe a sa shi kamun kunne. Wa ya ce ba mu san inda ciwon yake ba?

Adalcinta ya fi komai burge ni. Ba ta tambayar asali. Wanda kunnensa ke zubar da mugunya tun yana goye, ana sosa masa da tsinken ashana, da wanda ƙyanda ko sanƙarau ya rage wa ji, da wanda haruffa ke juye masa a takarda, da wadda ba ta hango allo, da wanda ya fito bai karya ba, bulala biyar-biyar ce, ba son kai. Hukumar nan ta duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar a ƙuruciya ana iya kauce mata da rigakafi da maganin ciwon kunne da wuri. Da za a biye mata, sai iyaye su yi ta kashe kuɗin mota zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, sai a riƙa neman malaman da suka fito daga kwalejin ilimin musamman ta Oyo ko sashen ilimin musamman na Jami'ar Bayero. Wannan ai almubazzaranci ne.

Uba ma ba ya barin malam shi kaɗai. "Malam, ƙara masa. Ji yake sarai. In an kira shi cin tuwo daga zaure ai yana ji." Hujja ke nan da ba ta da martani, in dai ba a kula cewa a zaure murya ɗaya ce, kalma biyu ce, kuma ba injin markaɗe.

Amma kada a bai wa malam ladan duka, rashin adalci ne. Shi bawan Allah an haɗa shi da ɗaki cike da yara, da guntun alli, da albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Masu cin babbar riba suna sama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatu kyauta, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ƙara jaddadawa. In aka yarda ajin ne ke hana yaro ji, sai an sa silin, an raba ajin gida uku, an ɗauki malamai, an riƙa duba kunnen 'yan aji ɗaya. In kuwa yaron ne daƙiƙi, ba a bin kowa bashi. Kaf ma'aikatar ilimi babu ma'aikaciyar da ta yi wa gwamnati tsimin kuɗi kamar dorina, kuma ba ta taɓa shiga yajin aiki ba.

Aikinta ba ya tsayawa sai ta kammala. Wajen aji biyar yaron ya daina cewa "Na'am," aji ya yi tsit ta ɓangarensa, daga baya ya daina zuwa, cunkoso ya ragu da mutum ɗaya ba tare da an gina ko bulo guda ba. Aka kai shi kasuwar Farm Centre koyon gyaran waya, inda oga ke nuna masa aiki da hannu, fuska da fuska, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in waya ta gagari layin, wurinsa ake turowa. Kwanan baya malamin nasa ya kai masa tasa wayar da ta faɗa ruwa, ya tsaya a kansa yana shaida wa jama'a cewa shi ya horar da shi, sannan ya nemi ragi.