Mu Sakkwatawa da Zaman Mitin

Mu dai Sakkwatawa Allah ya hore mana baki. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Mabera ko Runjin Sambo bayan sallar isha'i ya san haka. Kafin a ɗauraye kofuna mun gyara Najeriya, mun sauke ministoci biyu, mun kuma tsara wa kocin Arsenal 'yan wasan da zai zuba ranar Asabar. Amma a tara mu goma sha biyu a ɗaki ɗaya, a ce mu yanke shawara kan kwatar da ta toshe a bakin layi, sai damina ta zo ta wuce muna "za a duba".

Ku dubi yadda muke mitin a ofis. Takarda ta ce ƙarfe goma. Ƙarfe goma masinja ne kaɗai a ɗakin yana kakkaɓe kujeru. Can wajen sha ɗaya ƙananan ma'aikata su fara sulalowa, kowa na neman kujerar da ke ƙarƙashin fanka, don wanda ya san zafin Afrilu a garin nan, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ba ya wasa da wurin zama. Sha biyu saura Oga ya iso. A buɗe da addu'a, wannan kam ba mai ja. Sai gaishe-gaishe: a gaida shugaba, a gaida mataimakinsa, a gaida wanda ya taɓa riƙe kujerar. Sakatare ya karanta bayanin zaman da ya wuce, a ɓata rabin awa ana gardama don an rubuta sunan wani ba a sa masa "Alhaji" ba. Ana shirin taɓa abin da ya tara mu, ladan ya kira azahar. Bayan salla rabin jama'a sun zame, sauran kuma idonsu na kan katan ɗin lemon da ke lungu.

In an yi sa'a an kai ga maganar, Oga ne zai fara. Da ya ce "ni dai a ganina", shi ke nan, an rufe kasuwa. Na damansa ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da kah hwaɗi shi na gaskiya." Na hagu ya ce, "Awo, hakanan na." Hajiyar da ke riƙe da asusu, wadda ta san ko sisi babu na wannan aiki, ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. A kafa kwamiti, a rufe da addu'a.

Sai an fito ne ake mitin na gaske, ƙarƙashin dogon yaro inda ake ajiye babura.

"Wallahi wagga dabara ba ta kai mu ko'ina."

"To mi yah hana ka hwaɗi can ciki?"

"Ni wa? In ja da Oga, ga ƙarin girma tahe?"

A nan za ka ji direba ya faɗi ainihin inda matsalar take, magatakarda ya kawo mafita mai sauƙi, kowa ya gyaɗa kai, sannan kowa ya tada babur ɗinsa. Taron tsintsiya ba shara ke nan.

Abin dariyar shi ne, ba iyawa ce ba mu yi ba. A yi rasuwa a unguwa da asuba ka ga aiki. Ba takardar gayyata, ba kuɗin zama. Dattijo ɗaya ya tsaya a ƙofar gida: wane da wane ku tafi maƙabarta wajen haƙa, wane ka sayo likkafani, wane ka sanar da liman, wane ka kira dangi na Bodinga da Wamakko, salla ƙarfe sha ɗaya. Kafin rana ta take an gama. Abin da za a yi a fili yake, lokaci a yanke yake, kowane aiki kuma da sunan mai shi.

Ko kuma mu dubi abin da ke faruwa a Fadar Sarkin Musulmi duk daren 29 ga Sha'aban. Tambaya ɗaya ce tal: an ga wata ko ba a gani ba? Rahotanni su shigo daga sassan ƙasa ta hannun sarakuna da kwamitocin ganin wata, kwamitin fada mai ba da shawara kan harkokin addini, wanda Wazirin Sakkwato Farfesa Sambo Wali Junaidu ke shugabanta, ya zauna tare da kwamitin ganin wata na ƙasa a tantance, sannan Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi sanarwa a daren. Miliyoyin mutane na riƙe da rediyo suna jira, ba damar a ce an ɗage zama sai mako mai zuwa. Shaida ake fara ji, hukunci ya biyo baya. Mu a ofis hukunci muke fara ji, sannan mu nemo masa shaida.

Jin shawara kuma ba baƙon abu ba ne a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa shawara cikin ginshiƙai biyar na mulki. Ɗaliban zaure kuwa sun san cewa a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, dabarar haƙa rami don kare Madina daga bakin Salmanul Farisi ta fito, mutumin da ya zo daga wata ƙasa, aka kuma karɓa. Mun iya kawo wannan a wa'azi. Ranar Litinin a ofis ne muke mantawa.

Turawa ma sun sha fama da wannan ciwo, har suka yi masa littattafai. Wani likita ɗan ƙasar Malta, Edward de Bono, ya fitar da wani tsari a 1985 da ya kira huluna shida. Da aka kawo zancen a majalisarmu, wani tela ya ce shi da hula ɗaya ma gumi yake, ina ga shida. To ba hular sawa ba ce. Abin da de Bono yake nufi shi ne, a daina cakuɗa komai lokaci guda. Farar hula, kowa ya kawo abin da aka tabbatar kawai, ban da "na ji an ce". Ja, kowa ya faɗi abin da ke ransa, ko tsoro ko haushi, ba sai ya kawo hujja ba. Baƙa, a taru a nemo inda dabarar za ta iya cutarwa. Rawaya, a nemo amfaninta. Kore, a zubo sababbin dabaru ba mai yi wa wani dariya. Shuɗiya kuwa ta mai jan zaman ce, shi ke cewa yanzu ga inda muke, ga inda za mu.

Inda wannan tsari ya dace da mu shi ne wajen kunya. Mu mutane ne masu kara, yaro ba ya kallon idon babba ya ce masa ka yi kuskure, kuma ba wanda ke son a rasa wannan tarbiyya. Amma in shugaba da bakinsa ya ce, "Yanzu minti goma na neman aibi ne, kowa sai ya kawo ɗaya," to wanda ya kawo aibin bai yi rashin kunya ba, umurni ya bi. Hajiyar asusu ta samu ƙofar cewa babu kuɗi, ba tare da an ce ta tsinka Oga a gaban jama'a ba.

Mutanen kamfanin motoci na Toyota a Japan kuma nasu ya fi sauƙi: in abu ya lalace, a tambayi "me ya sa" har sau biyar. Mu gwada shi kan rijiyar burtsatsen unguwa, wadda kusan kowane layi daga Gidan Igwai zuwa Arkilla ya san zafin tsayawarta. Me ya sa ruwa ya tsaya? Injin ya ƙone. A nan muka saba tsayawa, a yanka wa kowane gida kuɗi, a sayo sabo, bayan 'yan watanni shi ma ya bi ɗan'uwansa. To a ci gaba. Me ya sa ya ƙone? An bar shi yana aiki ruwa ya ja baya. Me ya sa aka bar shi? Ba mai kashewa, makulli na hannun kowa. Me ya sa ba mai kula? Yaron da ke tsaro ya bari, an daina biyansa. Me ya sa aka daina? Mutane sun ƙi ba da kuɗin wata, don ba a taɓa karanta musu lissafin abin da aka tara ba. Ashe ciwon ba a cikin rijiya yake ba, yana cikin littafin ma'aji. Maganinsa takarda ɗaya ce da za a riƙa liƙawa a bangon masallaci duk ƙarshen wata.

Saboda haka ba sai an kai mu bita Abuja an ba mu jaka da biro ba. A sa mitin da safe a kuma fara a kan lokaci, ko da mutum huɗu ne, wanda ya makara sau ɗaya ya tarar an gama ba zai sake ba. A rubuta tambayar da ta tara mu a allo, guda ɗaya, kowa na ganinta. A fara jin na ƙasa, masinja da direba da sabon ɗauka, shugaba ya riƙe nasa sai ƙarshe. A tambayi mata da sunansu, don in ana jiran su kutsa cikin hayaniyar maza, sai a tashi ba a ji su ba. Wanda Allah ya yi wa baiwar dogon jawabi a ce masa, "Malam, mun gode, a bar wa na gaba," cikin raha, ba sai an ɓata ba. Kafin addu'ar rufewa kuma sakatare ya karanto da ƙarfi: aiki kaza, wane zai yi, ranar kaza zai kawo bayani. Duk aikin da aka ce "za a yi" ba a kama sunan kowa ba, to ba za a yi shi ba.

Shugabanni, ku yi haƙuri ku riƙa yin shiru na minti ashirin ɗin farko, girmanku ba ya raguwa. Mu kuma na ƙasa, in an ba mu dama mu faɗi gaskiya a cikin ɗaki, da ladabi, tun ba a rufe da addu'a ba.