Ni da Piaget a Zauren Surukai

Tambayoyi biyu aka ba mu a aikin gida: mu gwada nazarin Jean Piaget a kan yaro na gaske, sannan mu fito da jigon Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Na ce bari in fara da mai sauƙin. Piaget, mutumin Suwizalan, ya ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 7 tsawo ke ruɗarsa: juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa siriri dogo, sai ya rantse ruwan ya ƙaru.

Ƙaddara ta sa na zaɓi zauren gidan su budurwata a nan Kalgo, bayan la'asar, mahaifinta Alhaji da abokansa na hira. Na cika kofuna biyu iri ɗaya da zoɓo, na juye ɗaya a dogon kofi, na yi wa dattawa bayani mai tsawo, sannan na kira ƙanwarta mai shekara 5.

"Wanne ya fi yawa?"

"Dogon."

Na yi murmushin masana. Na ce kun gani, hankalinta bai kai mataki na uku a nazarin Piaget ba, sai ta shekara 7 za ta gane. Don in kafa hujja, na mayar da zoɓon dogon kofi cikin kofinsa na farko, na jera su.

Wallahi ya fi yawa. Da yatsa biyu cur.

Na duƙa na duba. Na sauya musu wuri, ko daɓen ne ya karkace. Na girgiza ƙaramin, kamar zoɓo zai tashi irin na ƙullu. Zaure ya yi tsit, ban da carbin Alhaji da ke tafiya ƙwas, ƙwas. Sai yarinyar ta ce, "Yaya, ai tun kana surutu Auta ya kurɓe wancan." Ga Auta a bayan ƙofa, baki jajawur.

Wani tsoho mai sayar da goro ya gyara zama. "Wanga Bature, ɗiya nawa gare shi?"

"Uku, Baba. A kansu ma ya yi nazari."

"Uku! Ni sha huɗu gare ni, ba wanda ya zo ya tambaye ni. In za ka sake, ka gwada da maɗaci, ba mai kurɓe maka. Ko ka bari sai azumi."

Na ce yara ba sa azumi. Ya ce to wannan matsalar Bature ce. "Saura mi?"

"Ruwan Bagaja."

"Shi ma ruwa? Ku makarantarku ba a karatun tudu?" Ya juya ga Alhaji. "Wancan kar ka bari ya juye shi a gidanka."

Alhaji bai ce uffan ba. Ya dai miƙa wa yarinyar naira ɗari.