Nazari Kan Tsinkewar Tazuge

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci kowane baligi ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, likitoci kuma suna auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake rabawa da tsawon, inda wanda ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, wanda ya kai 30 kuwa ya shiga sahun masu teɓa. Mai wannan rubutu, wanda likita ya tabbatar masa cewa ya daɗe a sahun na biyu, ya sayi kambas a kasuwar Sabon Gari, ya fita gudu bayan sallar Asuba a hanyar Filin Sukuwa da ke Kano, sanye da wandon da aka ɗinka masa tun kafin tumbi ya kawo ƙarfi.

Tazuge, wato igiyar da ake zurawa a ƙugun wando domin ta riƙe shi, an yi shi ne don tafiyar dattako, shi ya sa bai jure girgizar tumbi ba, ya tsinke daidai gaban teburin mai shayi, inda direbobin adaidaita sahu suka cika benci suna jiran shayi. Wando ya sulale zuwa gwiwa alhali ƙafafu ba su sami labari ba, suka ci gaba da aikinsu, hannuwa kuma suka yi saɓanin ra'ayi, na dama ya bi wando, na hagu ya tafi tarar ƙasa, babu wanda ya cim ma burinsa. Abin da ya fi ci masa rai, wanda har yanzu yake dawo masa a tsakiyar dare, shi ne ɗan tsakanin tsinkewa da faɗuwa, lokacin da ya yi ta tsalle kamar jakin da aka yi wa dabaibayi, idonsa cikin idon wani yaro mai tallan ƙosai wanda ladabi ya sa ya durƙusa ya ce masa ina kwana. Ya amsa gaisuwar kafin ya kai ƙasa.

Mai shayi, dattijo mai tausayi, bai ajiye kofunan da yake sheƙa shayi ba ya fara nasiha. "Sannu, Alhaji! Wa ya biyo ka?" Da aka yi masa bayanin cewa babu kowa, sai ya girgiza kai ya ce babba ba ya gudu sai da dalili, teɓa kuma rufin asiri ce, wasu ma addu'ar samunta suke yi. Ya ƙara da cewa idan gudun ya zama dole, to a riƙa somawa da shayi mai kaurin madara da ƙwai huɗu domin jiki ya sami ƙarfi, sannan a ɗauki adaidaita zuwa inda za a tsaya, a ƙarasa da ƙafa, shawarar da direbobin suka amince da ita baki ɗaya.

Ya ba shi aron igiyar da yake ɗaure buhun burodi, da sharaɗin a dawo da ita kafin azahar.