Taubashina na Gafasa da Ɓeran Amurka

Taubashi, Sarkin Ɓoyon Gafasa, asirinka ya tonu. Uwargida ta faɗa wa Inna, Inna kuwa ka san ta, ta faɗa wa duniya. Wai bayan lisha, da yara sun yi barci, sai ka ja bargo har ka, ka kunna waya kana kallon Tom and Jerry, gado yana girgiza don dariya. Da aka yaye bargon ka ce farashin taki kake dubawa. Haba, Alhajin Allah! Yaushe farashin taki ya taɓa ba wani dariya a ƙasar nan?

Furfura ta cinye gemu, 'ya ta isa aure, amma abokan hirarka kyanwa ce da ɓeran da aka fara zanawa a Amurka tun 1940. Sun girmi Kawu. Ku mutanen ƙasar Gaya kullum kuna bugun ƙirji wai maƙerinku ne ya je Dala neman tama har Kano ta kafu. To ga jikan maƙeri yana raɓewa a shagon caji, yana raɗa wa yaro, "Tura mini katun, na yara ne." Yaran nan naka ko warin wayar ba ka bari su ji.

Bari dai in sassauta maka, don jini ɗaya muke. Laifin ba naka ba ne duka. Wane katun aka yi da Hausa don mai gemu? Akwai Bino da Fino na Adamu Waziri, aiki mai kyau, amma na koyar da yara ne, kai kuwa malaman firamaren Ajingi sun gwada sun haƙura. Sai guntayen TikTok na minti guda, miji da mata suna cacar baki kan cefane, baki na motsi daban magana na fita daban. Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta ba mu Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, duk da 'yan wasa masu jini a jika.

Can Amurka, The Simpsons na tafiya tun 1989, kuma manya ne masu kallo. Jarumin wani uba ne mai tumbi, malalaci, yana aiki a tashar nukiliya ba tare da ya san abin da yake yi ba. Ban ce ya tuna mini da kowa ba. Suna taɓa shugaban ƙasa, attajiri da ɗan sanda, ana dariya ana jin zafi. South Park na 1997 kuwa ban ba ka shawara ba, bakinsu ba linzami, kuma ba batsa nake nema mana ba. Ina son in ga katun ɗinmu da ɗan takara ya shigo ƙauye da taliya da sabulu, da dillalin aure, da mai cin bashin da ke sauya masallaci in ya hango mai kuɗin. Na ƙarshen nan ma ba sai an je nesa neman samfuri ba.

Abin haushin, kayan aikin duk namu ne. Gizo mai tsamin baki, maƙaryaci, maci amana, ai tun asali da manya yake, yara dai aka fake da su. Ga 'yan kama, ga tashe, ga Samanja a talabijin, ga marigayi Rabilu Musa Ibro, maƙwabcinku na wajen Wudil. Ga Mustapha Bulama yana yi wa 'yan siyasa tsirara da alƙalami a Daily Trust. Masu hannu suna nan, motsi kawai zanen ya rasa.

Motsin ne tsada. A aikin hannu, daƙiƙa ɗaya kan ci zane 12, minti 20 ke nan zane 14,400. Kashi ɗaya na The Simpsons kan ɗauki fiye da wata shida, har Koriya ta Kudu ake aika zanen. Furodusan Kannywood da zai haɗa fim ɗin barkwanci cikin 'yan kwanaki, me zai kai shi? Ga kwamfuta, ga rashin wuta, ga mai talla da zai ji "katun" ya ce ai shi ba alewa yake sayarwa ba. Sannan ga tsoro. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta ɗaure Ibro wata biyu. Ba a kai Gizo kurkuku, amma wanda ya zana shi an san ƙofar gidansu.

Don haka ga shawara, tunda kai ne babban mai buƙata: fito da buhunan gyaɗar nan da kake ɓoyo sai ta yi tsada, mu zuba jari. Ni in rubuta labari, kai ka yi muryar jaki, ba sai ka yi atisaye ba. Na san dai ba za ka bayar ba, kai da kuɗin sharata na bara har yau kake cewa sai kaka. Aiko da su ta hannun direban Gaya, kuma kada ka cire kuɗin mota a ciki.