Gwanin Bindiga a Fatar Baki

Ni dai tun da nake ban taɓa yanka ko kaza ba. Ranar layya, tun ina Kano, aikina riƙe ƙafar rago ne, in kau da kai gefe ina ta kabbara da ƙarfi don kada a gane abin da ke damuna. To, wannan bawan Allah ne ya wayi gari a birnin Houston ya ce shi sai ya mallaki ƙaramar bindiga domin kare iyalinsa. Dalili kuwa, an fasa gilashin motar maƙwabcinmu cikin dare an ɗauke masa jaka. Ba a taɓa kowa ba, ko ƙofarmu ba a kalla ba, amma kafin asuba na gama shirin yaƙi a cikin raina.

A jihar Texas abin ba shi da wuya. Tun ranar 1 ga Satumba, 2021, doka ta yarje wa wanda ya kai shekara 21, in ba shi da laifin da ya haramta masa, ya rataya ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Mai takardar zama ta dindindin irina yana iya shiga kanti ya cike fom, a binciki sunansa a rumbun bayanan FBI, in ya fita fes ya biya ya tafi da abarsa. Mai lafiya a yini guda zai gama. Ni kuwa ina da ciwo, kuma yau zan faɗe shi: ba na iya sayen abu sai na karance shi ciki da bai, kuma karatun ya fi min abin daɗi. Na taɓa shafe makonni ina nazarin tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, har uwargida ta gaji ta sayo wata a kan hanyarta ta dawowa daga aiki. Har yau da ita muke girki.

Haka na duƙufa. Na gano cewa bindigogin da ake yayi yanzu gangar jikinsu ta roba ce mai tauri, sai bututu da murfin sama ne na ƙarfe, shi ya sa ba su da nauyi kuma jikin ba ya tsatsa. Na gano cewa ba su da 'yar gudumar nan ta baya da ake ɗanawa da babban yatsa a fina-finai. A cikinsu akwai wata siririyar sandar ƙarfe mai sifirin, in ka ja kunama sai ta kuɓuce ta daki gindin harsashi, kuma nauyin jan kunamar iri ɗaya ne daga harbin farko har na ƙarshe. Na haddace cewa kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fito da mai jikin roba a 1970, amma Gaston Glock, mutumin Ostiriya da a da yake ƙera sandunan labule da wuƙaƙe, shi ya cinye kasuwa bayan sojan ƙasarsa sun zaɓi Glock 17 a 1982. Ita tana cin harsashi 17, ƙanwarta Glock 19 ta 1988 tana cin 15. Smith & Wesson suka biyo da M&P a 2005, sojan Amurka suka zaɓi P320 ta SIG Sauer a 2017, a shekara ta gaba kuma aka fito da 'yar mitsitsiya P365 mai cin 10. Duk na zuba su a jadawali a kwamfuta, kowace da nauyinta da tsawonta da farashinta, har da launuka na sa wa layukan. Idan uwargida ta ce dare ya yi, sai in ce mata sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ilimi kuma ba ya zama a ciki shiru. Wata Juma'a bayan an idar da salla, muna tsaye a wajen ajiye motoci da 'yan uwa, na buɗe musu karatu. Na yi bayanin abin da ya sa harsashi mai milimita 9 ya wadatar, na kushe wata, na yabi wata, ina kwatance da hannu. Wani dattijo mutumin Damagaram, da ya daɗe yana tuƙin tasi a garin, ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Madalla, ɗana. To a cikinsu wacce ta fi zama maka a hannu in kana harbi?" Na ce, "Wato Baba, ai ban kai ga harbin ba tukuna." Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya shige motarsa. Sauran ba su yi dariya ba, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi.

Don in wanke kaina na nufi kantin bindigogi. Na kira sunan wadda nake so da lambarta, har na gyara wa mai kanti wata magana a kan tsawon bututu. Ya cire gidan harsashi, ya duba cikinta, ya nuna min babu komai, ya miƙo min. Na karɓa, yatsana ya zarce kan kunama, na juyo ina ci gaba da bayani, bakin bindiga na kallon cikinsa. Bai ce uffan ba, ya sa yatsa biyu ya ture bakin gefe a hankali. Dokokin nan guda huɗu da ake koya wa kowane sabon shiga, ciki har da kada ka nuna bindiga ga abin da ba ka nufin harbi, kuma kada ka ɗora yatsa a kunama sai ka yi saiti, duk na san su kamar karatun allo, na karya biyu a numfashi ɗaya. Da ya ce in ja murfin sama baya in ɗana ta, na ja, na ƙara ja, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, murfi ya ƙi zuwa. Na ce masa da alama wannan sabuwa ce, ba ta saki ba.

A filin koyon harbi aka ƙarasa ni. Na yi hayar bindiga, aka haɗa ni da wata malama mai furfura, aka toshe min kunne, aka rataya takarda a nisan da ko da dutse zan same ta. Na harba. Ƙarar ta ratsa min haƙora, kwanson harsashi mai zafi ya faɗa min a wuyan riga, na hau rawar da ban shirya ba. Da muka duba takarda, 'yan hujojin da suka samu shiga duk suna can ƙasa ta hagu. Nan take na gano matsalar: kunamar wannan ƙirar ce, dama na karanta. Aka canza min wata, harsasai suka koma inda 'yan uwansu suke. Malama ta karɓi ta farkon, ta zuba biyar a wurin da tafin hannu zai rufe. Sannan ta cusa harsashin bogi a cikin na gaske ba tare da na san inda yake ba. Da na iso kansa bindiga ba ta tashi ba, amma ni na tashi: na runtse ido, na dankwafar da bakinta ƙasa. Ta ce tun ɗazu haka nake yi, tsoron ƙarar ne yake riga harsashin fita.

Duk da haka na dawo gida da sauran ƙarfina, na buɗe jadawali ina nuna wa uwargida biyun da suka rage a gasar. Ta duba, ta ce, "Baban yara, a ina za ka ajiye ta?" Na ce a ƙarƙashin matashi. Ta ce autanmu da yake tsalle a kan gadon fa? Na ce to a akwatin ƙarfe mai makulli. Ta ce nawa ne akwatin, nawa ne kuɗin horo, nawa ne harsasan da zan riƙa ƙonawa duk wata kafin in daina rufe ido? Babu layin ko ɗaya a jadawalina. Ita ma'aikaciyar jinya ce, sai ta ƙara min da abin da ban bincika ba: a 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, kuma sama da rabinsu su suka harbe kansu. Ta ce abin da za a shigo da shi gida ya kwana tare da mu, da ranar fushi da ranar baƙin ciki, ya wuce a zaɓe shi don ya yi kyau a hannu. Tana tashi ta ce, "Af, sakatar ƙofar baya da na ce ka gyara tun kafin azumi, har yanzu kujera nake jinginawa."

Ashe duk daren da na raba ina auna Glock da SIG, kujerar roba ce take gadin gidana.

Ban ce kada kowa ya saya ba. Inda doka ta yarda, wanda ya nemi horo, ya tanadi wurin ajiya, ya kuma san nauyin ran ɗan Adam, shawararsa ce. Abin da na gani a kaina shi ne, zaɓen kaya yana da daɗi domin yana sa ka ji kamar ka yi aikin alhali ba ka taɓa shi ba. Na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai mai keken motsa jiki da ya zama wurin shanya tawul, akwai mai jerin littattafai a kanta da ko ledarsu ba a ɓare ba.

Yanzu dai na rubuta sunana a ajin koyon harbi, bindiga kuma ta jira sai na iya buɗe ido. Sakata an gyara, ko da yake uwargida ce ta kira mai gyara, bayan ta leƙo ta tarar na fara sabon jadawali a kan ire-iren kwaɗo. Kai ma mai dariya, kafin ka gama, tashi ka taɓa ƙofar bayanka ka ji ko tana kulluwa.