Mu Dai Sanyi Muke Tsoro

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Tudun Wadan Zariya, bayan la'asar, mun baje tabarmi a tsakar gida kowa na fifita da abin da ta samu, wata da murfin kwano, wata da gefen mayafi. Afrilu ne, irin zafin nan da kaza ke yawo baki buɗe. Amma a kusurwar gidan ga ƙatuwar tukunya kan murhu tana tafarfasa, Goggo na tsaye a kanta da damin ganyen darbejiya, tana jiran mai jego ta fito wankan yamma.

'Yar maƙwabtanmu, wadda ke aikin jinya, ta leƙa tukunyar ta ja da baya. "Goggo, don girman Allah ku bari a sirka. Wannan ai na fige kaza ne."

"A sirka me? So kike sanyi ya shige ta? Tara na haifa, kowanne sai da na yi arba'in ina wanka safe da yamma, ga ni nan garau. Ku ne 'yan zamani, haihuwa ɗaya kun fara dafa bango."

Aka kwashe da dariya, hira ta ɓalle. Wata ta ce ai mu duk cutar duniya sunanta ɗaya, sanyi. Ciwon baya sanyi, ciwon gwiwa sanyi, yaro ya yi fitsarin kwance sanyi. Wata ta ce mijinta ko babur ɗinsa ya ƙi tashi, cewa yake sanyi ne ya kama shi. Abin dariyar, a garin da rana ke narka kwalta muke wannan tsoro. Da hunturu kam an yarda, hazo ya rufe dutsen Kufena, leɓe ya tsage, kowa na tari. Amma manyan cututtukanmu ba lokacin suka fi zuwa ba. Sanƙarau sai bazara ta kankama, bayan ƙura da busasshiyar iska sun gama ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, ga mutum takwas a ɗaki ɗaya taga a rufe. Wanda ya ga 1996 bai manta ba, shekarar da ta kwantar da mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000. Ruwan farko na sauka kuma sai ta ɗauke kamar an yi mata tsawa, ta ba sauro wuri. Shi kuma nasa sananne ne, daga kwatocinmu har bakin kogin Kubanni.

Iya, tsohuwar da ta yi shekaru tana suyar ƙosai a bakin tsohon asibitin koyarwa kafin a mayar da shi Shika a 2005, ta gyara zama. "Ku bar wannan yarinya, tana da gaskiya. Ni na ga masu jego da idona. Da damina ake sauke su daga mota, daga ƙauyuka, ƙafa kamar turmi, fuska ta haye, mace ba ta iya kwanciya sai dai a jingina ta. Ga jariri a hannun uwarta."

Abin da Iya ta gani daga bakin kaskonta shi ne ya sa sunan Zariya ya shiga littattafan likitocin zuciya na duniya. Wasu likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Farfesa Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka fitar da sakamakon a 1978. Lissafinsu ya nuna kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu a Zariya na gamuwa da wannan ciwo, adadin da ya girgiza masana, domin a Turai da Amurka sai an tara dubban haihuwa kafin a ga guda. Sun kuma lura cewa ciwon na da lokacinsa, a watan Yuli aka fi kawo su.

Sai suka dubi abin da muke yi. Wankan tafasasshen ruwa sau biyu a rana, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, sannan kunun kanwa kwarya bayan kwarya don nono ya kawo. Kanwar nan da fatake ke kawowa daga wajen Tafkin Chadi 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru. Zafi kuma na buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta yi ta aikin tura jini ba hutu. A ƙara da damina, lokacin da iska ke ɗauke da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Zuciyar da ta ɗauki kayan wata tara sai a ɗora mata wani.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne yadda muke fassara kumburin. Mai jego ta fara hawa, sai a ce ɗanyen jiki ne, ba ta gasu ba, an yi mata sakaci. A ƙara itace, a ƙara kanwa. Da ƙauna ake yi, wallahi, babu uwar da ke tashi da asuba ta hura wuta don ta cuci 'yarta.

Ma'aikaciyar jinya ta kalli Goggo tana murmushin wadda ta ci gari. Ai kuwa ba ta daɗe a kan gadon sarautar ba. Ɗiyar yayata, mai karatun likita a Shika, tana can gefe tana ɓare gyaɗa, ta ce, "Anti, an fa sake bincike bayan wannan." A Kano, Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa sun auna jinin masu wannan ciwo, suka wallafa a 2015 cewa kusan uku cikin huɗu na da matsanancin ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam, alhali a cikin masu jego lafiyayyu kusan ɗaya cikin biyar ne kawai. An taɓa ganin irin haka a Yamai tun 1992. Shi wannan sinadari daga ƙasa yake shiga gero da dawa da wake, idan ƙasar noma ba ta da shi, tuwon ma ba zai samu ba. A ƙasar Sin akwai wata gunduma, Keshan, da ciwon zuciya ya yi ta kashe yara da mata matasa har aka sa wa cutar sunan wurin, da aka soma ba mutane sinadarin sai ta ja baya. Babban binciken da Ƙaraye ya jagoranta daga baya a asibitocin ƙasar nan kuma bai kama wankan jego da laifi ba. Rama, rashin aikin yi, rashin karatu da hawan jinin masu ciki ne suka fito fili.

Goggo ta buga cinya. "Kun ji ko! Shekara nawa ana zagin tukunyata, ashe gonar ce!"

"Goggo, ban ce a tafasa mutum ba fa," in ji yarinyar. "Mai hawan jini dai kanwa ba ƙawarta ba ce. Kuma duk wadda ta fara haki, ko ƙafa ta kumbura, ko tari ya hana ta kwanciya da dare, ba wanka ne ya yi mata kaɗan ba. Asibiti za a nufa, a ranar."

Ni a ganina ma kuɗin itacen nan da ake tsare miji ya sayo na kwana arba'in, da an karkatar da rabinsa ga ƙwai da kifi da hanta, da mai jego ta fi morewa. Na faɗa a hankali, don Goggo na kusa kuma ganyen na hannunta.

Mai jego ta fito da ɗaurin ƙirji, tana tafiya a hankali, tana satar kallon tukunyar. Goggo ta tsoma gwiwar hannu a baho, ta yi shiru, sannan ta ce da wani yaro ya miƙo mata bokitin ruwan randa. Ta juye rabi. "Ba don maganarku ba ce," ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "itacen yau ne ya cika ƙarfi."

Ana haka aka fito da kunun kanwa a babbar roba, yana tururi, ƙamshin citta da kanumfari ya cika gidan. Na masu jego ne a ƙa'ida, amma kowa ta miƙa kofi. Ma'aikaciyar jinya ta shanye nata, ta leƙa robar, ta ce ko akwai saura a ƙasa.