Yadda Za Ka Yi Kiwon Kaji a Zango Ba a Kai Ka Gaban Mai Unguwa Ba

Kaza ba ta san takardar fili ba. Kai ne ka biya kuɗin awo, ka san inda katangarka ta tsaya, ka kuma ɓoye takarda a ƙasan akwati. Ita kuwa duk inda aka zubar da tsaki gidan ubanta ne. Zango tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma zabuwar da aka saka a ƙauyukanmu na arewa tana iya yin kalaci a Nijeriya ta tsallaka ta yi ƙwai a Nijar, babu ɗan kwastan da ya isa ya tambaye ta takarda. Tsuntsun da iyakar ƙasa da ƙasa ba ta dame shi ba, kana ganin dangar karan maƙwabcinka za ta tsayar da shi?

Saboda haka tun kafin ka sayi kaza ko ɗaya, ka tsaya ka karanci unguwarku. Ka lura da inda matan maƙwabta suke baza shanyar gero da kuɓewa, da ɗakin da tsohon gidan yake kwana, da inda rariyar gidanka take zubar da ruwa. Sai ka kafa akurkinka a kusurwar da ta fi nisa da duk waɗannan. Mutane da yawa sukan jingina akurki da katangar da suka haɗa da maƙwabci don su rage kuɗin bulo, alhali a bayan katangar nan tagar ɗakin amaryarsa take. Bulo talatin ɗin da aka rage ba su kai gaisuwar shekara ashirin da za a rasa ba.

Ka kuma san ta wace ce kazar. A yawancin gidajenmu kaji na mata ne, su ne asusunsu: da su ake sayen sabulu da littafin makaranta, da su ake tara kuɗin 'yar akuya. Idan baƙo ya sauka, kada ka tsaya tsakar gida ka nuna dakwalwar da ta fi ƙiba kana wasa wuƙa. Ka shiga ɗaki ka yi ciniki da mai ita, ka biya lakadan. Ƙarar da ta taso daga cikin gida ta fi ta maƙwabci wuyar kashewa, domin mai ƙarar ita ce mai tuƙa tuwon dare.

Sai batun zakara. Guda ɗaya ya ishi kaji goma. In ka tara uku, ka buɗe gasa ke nan: wannan ya yi cara, wancan ya amsa, na ukun ya ɗauka zaginsa aka yi, tun ƙarfe biyun dare har ladan ya kira assalatu. A birnin Niyok na Amurka doka ta yarda mutum ya ajiye kaji mata a gidansa, amma ta hana zakara. A Faransa kuwa har kotu aka kai wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron, maƙwabta suka ce yana hana su barci. A watan Satumba na 2019 kotu ta ce ya ci gaba da cararsa, kuma a 2021 ƙasar ta yi dokar da ta kare ƙara da warin karkara. Mu nan ba mu kai ga ɗaukar wa zakara lauya ba, kuma mutumin Zango yana jin daɗin carar asuba. Ta tsakar dare ce ba ya so, musamman in akwai mai jego ko marar lafiya a gidan. Ka rufe zakaranka da daddare a akurki mai duhu, hasken ƙwan sola na maƙwabta kada ya ruɗe shi ya zaci gari ya waye. Sauran zakarun kuma ka ajiye su don Sallah, ko ka sa su a kwando ka nufi kasuwar Mai'adua ran Lahadi.

Yanzu ga hukuma, kuma hawa-hawa ce. Ta farko mai unguwa, daga shi sai dagaci, sai hakimi, har zuwa fadar Sarkin Daura, wanda ƙasarsa ta haɗa ƙananan hukumomi biyar: Daura, Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'adua. Ban ga kazar da ta cancanci shari'arta ta yi wannan doguwar tafiya ba, don haka ka kashe maganar tun a zauren mai unguwa. Idan damina ta faɗi aka yi shuka, aka yi shelar kowa ya kama dabbobinsa, kada ka ce ai da masu awaki ake. Kaza takan bi layin shuka tana tone irin da aka binne rami bayan rami, da natsuwa irin ta wanda aka biya kuɗin ƙwadago. Makonnin nan na farkon shuka ka tsare su a gida, ka nemo musu dusa da gara.

Bayan sarauta akwai ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora mata kula da kasuwanni da mahauta da kwashe shara, har da sa ido kan ajiye dabbobin gida da yawonsu. Wanda za ka gani da idonka shi ne duba-gari. Ba ƙidayar kaji ce ta kawo shi ba, hancinsa ne ya jawo shi. Zai duba ko akwai wari, ko ƙuda sun yi sansani, ko ruwan wankin akurki yana bin rariya yana kwanciya a lungu inda yara ke wasa. In ya yi sallama, ka amsa da fara'a, ka shimfiɗa masa tabarma, ka kai shi ya gani. Wanda ya ce wa yaro "je ka ce ba na nan", alhali zakara yana cara a bayansa, ya ƙara wa kansa ziyara ta biyu.

Maganin wari kuwa ba turare ba ne, bushewa ce. Ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, ka ɗora kaskon ruwa a kan bulo yadda ba za su kifar da shi ba, ka bar kafofin da iska za ta ratsa. In ka shiga akurki ka ji idonka yana yaji, kajin sun riga ka jin haka da kwanaki. Ka kwashe, ka barbaɗa toka, ka zuba sabo. Kashin da ka kwashe kuɗi ne, masu lambu da masu gona suna nemansa. Sai dai a bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanyensa yana ƙone shuka.

Akwai ranar da kiwon tsakar gida yake tashi daga sunansa ya zama gidan gona, kuma a nan ne mutane suka fi shiga rigima. Ma'aunina shi ne: ranar da ka fara sauke abincin kaji buhu-buhu daga mota, kana fitar da kashi da baro, to ka wuce kiwon gida. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su, kuma takardar fili takan faɗi abin da aka bayar da shi dominsa, zama ko kasuwanci ko noma. Idan ka gina rumfar kaji ɗari biyar a filin da aka ba ka don zama, ka sauya masa aiki, kuma hukumar tsara birane ta jihar Katsina tana da ta cewa. Ka je sakatariya ka tambaya kafin ka sayi kwano da katako. Abin da ya fi ma, ka fita da su bayan gari. Farare na gidan gona suna isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, kuma saurin girman nan da ci da kashi suke yin sa. Kaji ɗari biyar a tsakiyar unguwa cikin zafin bazara zalunci ne ga mutane, zalunci ne ga kajin.

Abin da ya fi cin raina shi ne cuta. Kowace shekara in hunturu ya shigo sai annobar kaji ta bi gari gida-gida, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul: kaza ta takure, ta yi koren kashi, wuyanta ya murɗe, kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. Sai a shiga jiƙa barkono da maɗaci, ana fasa kafso a ruwa. Ƙwayar cutar nan kafso ba ya kashe ta. Rigakafi ne maganinta, kuma ba daga nesa yake zuwa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta, ku kira ma'aikacin dabbobi ya bi layin gaba ɗaya kafin sanyi ya sauko. Kazar da ka sayo daga kasuwa kuma, ko da ta fi amarya kyau, ka ware ta mako biyu kafin ta gaisa da 'yan gida.

In kuma mutuwa ta faɗo, don Allah kada ka kwashi masu layi ka ruga kasuwa da su, kada ka jefa mushe a bola inda karnuka za su ja shi cikin gari. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne, ka wanke hannu da sabulu, ka hana yara taɓawa. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare an same ta a Magariya, can tsallaken iyakarmu. Idan ka ga kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ofishin likitan dabbobi za ka nufa, ba wurin mai tsire ba.

Zabi kuwa sai mai haƙuri. Zabuwa takan yi ƙwai da damina, kuma ba ta ga wurin da ya dace da shi ba sai cikin ciyawar gonar wani. Ka sa yaro ya bi ta daga nesa ya gano wurin, ka kwaso ƙwan ka sa wa kaza ta kwanta musu. Nata kwana 21 ne, na zabuwa yakan kai 28, amma kazar ba za ta tashi ba sai ta ji motsi. Ka ɗaura wa tsuntsayenka jan zare a ƙafa, domin ranar da aka ce wannan sagarar ta wane ce, rantsuwa ba ta raba gardama kamar zare.

Duk da haka wata rana za ta zo, kazarka za ta faɗa shanyar maƙwabciya ta ci ta goge baki ta dawo gida kamar daga makaranta take. Kada ka jira a aiko. Ka auni mudun gero ka je da kanka, ka yi sallama, ka ce, "Malam, 'yar banzar nan ta yi muku ɓarna, a ba uwargida haƙuri." Zai ce haba, ai ba komai, ka mayar da abinka. Kada ka mayar. Ka ajiye a bakin zaure, ka dawo ka datse mata gashin fiffike ɗaya. Ranar da ta fara sabon ƙwai, a zuba biyar a kwano a rufe da faifai, a ba yaro ya kai musu, a kuma ja masa kunne ya riƙe da hannu biyu.